Sau uku na fita gaba, amma ban sani ba ko na karɓi gayyatar Allah

Tambayar da wani ɗan'uwa ya aiko ita ce: "Tun ina yaro nake jin ana cewa Allah yana gayyatarmu zuwa zumunci na har abada. Sau uku ina fita gaba a taron wa'azi, na maimaita addu'ar da akace in maimaita, a karo na biyu har kuka nayi, amma da anyi sati biyu sai in koma yadda nake. Yanzu ko addu'a kunyar yi nake ji. Shin na karɓi gayyatar nan kuwa? Ko in sake fita karo na huɗu?"

To ɗan'uwana sannu, kuma na gode da ka faɗi abin yadda yake baka yi masa kwalliya ba. Na daɗe ina koyar da Littafi Mai Tsarki, kuma in gaya maka gaskiya wannan tambayar nafi jinta a bakin waɗanda suka girma cikin ikkilisiya fiye da sabbin tuba, sai dai ba a cika yinta a fili ba, sai an tashi daga sujada kowa ya watse mutum zai raɓo yace Malam ina da 'yar magana. Saboda haka ka kwantar da hankalinka, kuna da yawa.

Bari in fara da fita gaban nan tunda shi kake ta ƙirgawa. Ka bi Sabon Alkawari daga Matiyu har Ru'ya ta Yohanna, ba zaka ga inda akace hanyar karɓar Yesu ita ce mutum ya tashi daga kujerarsa ya taka zuwa gaban bagadi ba. Abin ya yaɗu ne a ƙarni na 19, masu wa'azi irin su Charles Finney a Amurka wajen 1830 suka riƙa ware benci a gaba domin waɗanda wa'azi ya taɓa, daga baya Billy Graham ya zaga duniya dashi har ya zama kamar tun asali haka ake yi. Ban ce laifi bane fa, ni kaina nasha kiran mutane su fito kuma naga waɗanda rayuwarsu ta juya daga wannan ranar. Amma kafin Finney an yi shekara wajen 1,800 mutane suna samun ceto ba tare da wannan bencin ba. Kaga kenan in lissafin fita gaba ne, ko sau uku ko sau talatin, ba a wannan littafin ake duba amsar tambayarka ba.

Inda nakeso mu duba shine Luka 14. Yesu yana cin abinci a gidan wani shugaban Farisiyawa ranar Asabaci, sai wani daga cikin masu cin ya yi irin maganar nan ta ibada da akan yi don a ji daɗi, yace mai albarka ne wanda zai ci abinci a mulkin Allah. Yesu bai ce masa amin ba, sai ya bada misali. Wani mutum ya shirya babban biki ya gayyaci mutane da yawa, da lokaci yayi ya aiki bawansa ya faɗa wa waɗanda aka gayyata su zo, an gama shirya komai. Ka lura da kyau, gayyatar sau biyu ce. Akwai ta farko tun kwanaki kafin ranar, wadda mutum zai ce to zan zo, da ita maigida yake sanin yawan abin da zai yanka tunda babu firij a lokacin, abin da aka dafa a ranar za a cinye. Sannan akwai ta biyu, ta ranar, ku taso an gama. Mutanen da Yesu yake magana a kansu duk sun riga sun ce to. Babu wanda ya ƙi ta farkon. A ta biyun ne aka fara jin uzuri, wannan ya sayi gona zai je ya gani, wannan ya sayi shanun noma goma zai je ya gwada su, wannan kuma yayi sabon aure shi ko haƙuri ma bai bayar ba.

Abin da yake bani tsoro a misalin nan duk lokacin da na koyar dashi shine babu ko ɗaya cikinsu da yace zai je yin sata ko zina. Gona, shanu, aure, duk halal ne, duk albarka ce ma. Kuma in ka ɗan yi tunani uzurin nasu bashi da ƙafa, wa yake sayen gona sannan yaje dubawa? Kuma gonar guduwa zata yi kafin gobe? Gaskiyar maganar suna son maigidan daidai gwargwado, suna son sunansu ya kasance cikin waɗanda aka gayyata, zaman ne a teburinsa bai kai musu gonar ba.

To kaga inda na nufa. Fita gaban da kayi sau uku kamar amsa gayyatar farko ne, ka ce to, kuma ban yi shakkar cewa da zuciya ɗaya ka faɗa ba. Amma ai zumunta a ƙafa take. Wanda yace to sau goma bai taka ya shiga gidan ba har yanzu yunwa yake ji, kuma ba don abincin babu bane.

Yanzu menene shi wannan shiga gidan? Anan ne nake ganin an cuce mu da yadda ake yin wa'azin. An mayar mana da rai madawwami kamar tikiti, ka karɓa yau ka linke ka sa a aljihu, ka cigaba da harkokinka, ranar da ka mutu ka ciro ka nuna a ƙofa. In haka ka ɗauke shi dole ka zauna cikin fargaba, kullum kana laluba aljihu ko yana nan ko ya faɗi, ko ma jabu aka baka. Amma ji yadda Yesu da kansa ya fassara abin a Yohanna 17:3, yana addu'a a daren da za a bashe shi, yace rai madawwami shine su san ka, kai Allah makaɗaici na gaskiya, da Yesu Almasihu wanda ka aiko. Sani ne, irin sanin da ake yi wa wanda ake zama dashi. Kuma a Yohanna 5:24 yace mai jin maganarsa yana gaskata wanda ya aiko shi ya riga ya ƙetare daga mutuwa zuwa rai, bai ce zai ƙetare wata rana ba. Wato zumuncin na har abada ne don baya ƙarewa, amma farawarsa anan ne, da wannan jikin naka mai gajiya da wannan zuciyar taka mai yawo.

Kalmar da muke fassarawa zumunci a Girkanci koinoniya ce, kuma tafi gaisuwa da murmushi bayan sujada nauyi. Daga tushenta aka samo kalmar da Luka 5:10 yayi amfani da ita da yake cewa Yakubu da Yohanna abokan sana'ar Siman ne a kamun kifi, wato abin da aka kama nasu ne tare, in an kwana ba a kama komai ba asarar ma tasu ce tare. Da Bulus yace a 1 Korantiyawa 1:9 Allah ya kira ku ga zumunta da Ɗansa, irin wannan tarayyar yake nufi, naka ya zama nasa, nasa ya zama naka. Zunubinka ya ɗauka a kan gicciye, matsayinsa na ɗa ya baka. Shi yasa Littafi Mai Tsarki yake ta komawa ga zancen cin abinci, tun daga Fitowa 24 inda Musa da Haruna da dattawa 70 suka hau dutse suka ga Allah suka ci suka sha, zuwa Ishaya 25 inda aka yi alkawarin biki ga dukan al'ummai a ranar da za a haɗiye mutuwa a share hawaye, har zuwa bikin auren Ɗan Rago a Ru'ya 19. Mutum baya cin abinci da wanda yake ɓoye wa fuska.

Akwai ayar da nasan an karanta maka a duk ukun nan, Ru'ya 3:20, ga shi ina tsaye a bakin ƙofa ina ƙwanƙwasawa. Kullum arna ake karanta wa ita, alhali wasiƙar zuwa ga ikkilisiya aka rubuta ta, ikkilisiyar Lawudikiya, a ƙasar Turkiyya ta yau. Garin masu kuɗi ne sosai, an san su da harkar kuɗi da baƙin ulu da maganin ido, har da girgizar ƙasa ta rushe garin a shekara ta 60 bayan haihuwar Yesu da kuɗinsu suka sake gina shi basu nemi taimakon Roma ba. Ikkilisiyar ma haka ta ɗauki halin garin, tana cewa ni mai arziki ce bana bukatar komai. Mutanen da akayi musu baftisma, suna taruwa suna waƙa da sunan Yesu, shi kuma yana waje yana buga ƙofa. Kuma me yace zai yi in an buɗe? Bai ce zai shigo ya duba ɗakin ko an share ba, cewa yayi zai shigo su ci abinci tare, kalmar ma ta abincin yamma ce, wanda ake zama a ci a natse bayan an gama aikin yini. Ina ganin wannan ayar taka ce fiye da yadda take ta wanda bai taɓa jin bishara ba.

Sai zancen kunya, kace ko addu'a kunyar yi kake ji. Ni a duk saƙonka wannan layin ne yafi tsaya mini, don shine ainihin abin da ya tare ka a waje, ba rashin fita gaba karo na huɗu ba. Koma kan misalin. Da na farko suka ƙi, maigida yace a shiga tituna da lunguna a kawo matalauta da musakai da makafi da guragu, aka kawo, bawan ya dawo yace har yanzu da sauran wuri, sai yace a fita har bayan gari a matsa musu su shigo. Me yasa sai an matsa musu? Don mutumin da yake kwana a gindin shinge in kace masa babban mutum yana kiransa cin abinci dariya zai yi, zai ce ka yi kuskuren adireshi, ko yace bari in je in yi wanka in nemo riga tukuna, kuma shi ya san bashi da ita. Sai an kama hannunsa ance kai ɗin dai ake nufi, taho a haka. A nan in ɗan kauce kaɗan, wannan ayar an taɓa yi mata mummunar fassara, Agustin na Hippo, babban malamin ikkilisiya na da can, da duk girmansa ya kafa hujja da ita cewa hukuma tana iya tilasta wa 'yan Donatus, wata ƙungiyar Kirista da ta ɓalle a Arewacin Afirka, su dawo cikin ikkilisiya, kuma waɗanda suka zo bayansa sun yi ɓarna da wannan fassarar ba kaɗan ba. Matsawar da ke cikin ayar lallashin mai jin kunya ne, babu bulala a ciki.

Ka tuna Mefiboshet a 2 Sama'ila 9? Jikan Saul ne, yana ɗan shekara 5 mai renonsa ta ɗauke shi a guje ya faɗi ya gurgunce ƙafa biyu, ya girma a ɓoye a Lodebar a gidan wani. Ranar da Dawuda ya aika a kawo shi babu mamaki ya ɗauka ƙarshensa ne yazo, don jikan tsohon sarki ba abin da yake tsammani daga sabon sarki sai takobi. Ya faɗi ƙasa yana kiran kansa mataccen kare. Dawuda yace kada ka ji tsoro, saboda mahaifinka Yonatan zan yi maka alheri, kullum a teburina zaka ci. Abin da nake so a labarin shine yadda surar ta ƙare, tace yana zaune a Urushalima yana ci a teburin sarki kullum, kuma gurgu ne ƙafa biyu. Ba a warkar dashi kafin a zaunar dashi ba. Kuma kujerar ba don halinsa aka bashi ba, don alkawarin da aka yi da wani ne, to haka taka take, saboda Yesu aka ajiye ta.

Amma kada in yi maka rabin wa'azi. Matiyu 22 ya kawo misali mai kama da wannan, can sarki ne yake yi wa ɗansa bikin aure, bayi suka tattaro duk wanda suka samu, mugaye da nagari, zaure ya cika. Sai sarki ya shigo ya ga wani babu rigar biki, yace aboki ya akayi ka shigo haka, mutumin ya rasa ta cewa, aka fitar dashi. Wannan wurin yana firgita mutane irinka, sai suce to ai nine. A sannu dai. Rigar a Littafi Mai Tsarki Allah ne yake sa wa mutum, Ishaya 61:10 yace ya suturta ni da tufafin ceto, a Zakariya 3 babban firist Yoshuwa yana tsaye da ƙazaman kaya Shaiɗan yana ƙararsa sai aka bada umarni a tuɓe masa su a sa masa masu kyau, Bulus kuma a Galatiyawa 3:27 yace ku da aka yi muku baftisma cikin Almasihu kun yafa Almasihu. Mutumin nan ya shigo ne yana son abincin baya son a taɓa kayan jikinsa. Shi ya sa nake so ka tambayi kanka, kai kaɗai ba tare da kowa ba, wannan komawa yadda kake da kace kana yi bayan sati biyu wace iri ce. Akwai wanda yake faɗuwa ya tashi yana jin ciwon faɗuwar yana ƙin abin da yayi, akwai kuma wanda ya riga ya yanke a ransa cewa akwai ɗaki ɗaya da Yesu ba zai shiga ba, wata alaƙa ko wata hanyar samun kuɗi ko wani da ya rantse ba zai yafe wa ba. Na farkon rayuwar kowane Kirista ce, 1 Yohanna 1:9 don shi aka rubuta ta. Na biyun shine gonar da shanun. Daga yadda ka rubuto ni nafi zaton na farkon ne kai, don wanda ya gama yanke shawara baya zama ya rubuta irin wannan saƙon, amma kai ka san zuciyarka.

Game da kukan da kayi a karo na biyu da kuma rashinsa yanzu, kar ka auna komai dashi. Ji a jiki kamar cajin waya yake, da safe ya cika da yamma ya sauka, barci ma yana canza shi, yunwa tana canza shi. Na san mutanen da basu taɓa zubar da hawaye a sujada ba kuma sun yi shekara arba'in suna bin Ubangiji da aminci. Abin da zaka riƙe shine maganar mai gayyatar, Yohanna 6:37, wanda yazo wurina ba zan kore shi ba ko kaɗan. Yohanna ma ya san da irin zuciyarka, shi yasa yace a wasiƙarsa ta fari 3:20 in zuciyarmu ta hukunta mu Allah ya fi zuciyarmu girma. Bitrus fa sau uku yayi musun sanin Yesu a dare ɗaya, ba cikin sati biyu ba, ya koma kamun kifinsa, kuma da Yesu ya same shi a bakin tekun Tibariya abin da ya fara yi shine hura wuta ya gasa kifi yace ku zo ku karya kumallo. Sai da suka ci suka ƙoshi sannan ya tambaye shi kana ƙaunata.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai shine jira. Kunya tana da wayo, zata ce maka ka bari sai ka ɗan gyaru, ka yi wata ɗaya baka faɗi ba sannan ka koma addu'a da fuskarka a sake. Wannan watan baya zuwa. Gwamna Filikus a Ayyukan Manzanni 24 ya ji Bulus yana magana kan adalci da kamun kai da shari'a mai zuwa har ya tsorata, yace tafi tukuna in na sami zarafi zan kira ka, shekara biyu yana kiransa suna hira har aka canza shi ya tafi ya bar Bulus a ɗaure.

To ka sake fita karo na huɗu? In an yi kira zuciyarka ta motsa ba zan hana ka ba, amma in shawarata kake nema ba shi kake bukata ba. Yau da dare ka rufe ƙofa ka yi wa Yesu magana da bakinka, ba addu'ar maimaitawa ba, ka faɗa masa daidai abin da ka rubuto min har da zancen kunyar, ka kira zunubin da sunansa kar ka ce kurakuraina. In bangaskiyar ma tana rawa ka faɗi abin da uban yaron nan mai aljani ya faɗa wa Yesu a Markus 9, na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata, ai Yesu bai kore shi ba. Gobe ka sake, jibi ma haka, ko minti goma ne, da Bisharar Yohanna a buɗe a gabanka.

Kuma baka faɗa min ko an yi maka baftisma ba. A ranar Fentikos mutum wajen 3,000 da suka karɓi maganar Bitrus baftisma aka yi musu, sannan Ayyukan Manzanni 2:42 tace suka lizima ga koyarwar manzanni da zumunta da kakkarya gurasa da addu'a. Ina zargin duk sau ukun nan da ka fita gaba an rubuta sunanka a takarda an yi maka addu'a ka koma gida kai kaɗai, babu wanda ya sake nemanka, kai ma baka nemi kowa ba, sati biyu kuwa shine iyakar abin da mutum yake iya ɗauka shi kaɗai. In ba a yi maka ba, je ka sami fastonka wannan satin kace kana so ka shiga ajin baftisma. In an yi maka amma ka daina zuwa jibin Ubangiji saboda kunya, shima ka faɗa masa haka, kuma ka nemi dattijo ɗaya mai riƙe sirri wanda zaka iya kira ran Laraba da dare in abin ya taso, ba sai ka jira Lahadi ba.